Lambu a Kan Rairayi: Damina Tara a Wani Gida na Gundumar Cherry, Nebraska

Wurin da irin ƙasarsa

A arewa ta tsakiyar jihar Nebraska, a Amurka, akwai yankin da ake kira Sandhills. Tuddan rairayi ne da iska ta tara, ciyawa ta rufe su ta riƙe. Faɗinsu ya kai murabba'in kilomita 50,000, wato kusan kashi ɗaya cikin huɗu na jihar. Gundumar Cherry ce ta fi kowace gunduma girma a Nebraska, ta haura murabba'in kilomita 15,000, amma a ƙidayar 2010 mutanenta 5,713 ne kacal, kusan rabinsu kuma a garin Valentine suke. Sauran suna warwatse a gandayen kiwo, gida nan, gida can, shanu sun ninka mutane sau da yawa.

Gidan da wannan nazari ya bi yana kudancin gundumar. Matar gidan, wadda ba za a ambaci sunanta ba, ta taso ne a gabashin jihar, inda ƙasa ke da duhu da laushi, masara ke yi ba wahala. Aure ya kawo ta cikin tuddan. Kantin da za ta sami ɗanyen kayan miya ya fi tafiyar awa ɗaya a mota, wani ɓangaren hanyar ma ba kwalta. Don haka ta so ta yi lambun da zai ba gidan tumatir, albasa, dankalin Turawa, wake, karas da kabewa, a ci a kuma adana na hunturu.

Ƙasar saman tuddan jigawa ce tsantsa. Masana ƙasa na Amurka suna kiran wadda ta fi yawa a nan da sunan garin Valentine. Rairayi ne mai laushi har ƙasa, laka kaɗan ce ƙwarai a cikinsa, ruɓaɓɓen tsiro kuma yawanci bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Santimita 30 na sama ba sa riƙe wa shuka ruwan da ya wuce milimita 20 zuwa 25, alhali ƙasar gabashin jihar tana riƙe ninki biyu ko fiye. A tsakanin tuddan kuwa akwai fadamu, inda ruwan ƙarƙashin ƙasa ke kusa, ƙasar ta yi duhu, a nan ake yankan ingiricin da shanu ke ci da hunturu. Ruwan na babban ma'ajin ruwan ƙarƙashin ƙasa ne da ake kira Ogallala, wanda kaurinsa a ƙarƙashin tuddan yakan kai mita 300 a wasu wurare. Rijiya ba ta wahala, ruwan kuma mai daɗi ne, ba gishiri.

Ruwan sama a kewayen Valentine kusan milimita 500 ne a shekara, bai yi nisa da na Maradi ba, kusan rabinsa daga Mayu zuwa Yuli. Mai lambu daga arewacin Katsina zai gane rairayin da ido, zai kuma gane ƙarangiyar da ke maƙale wa safa, domin 'yar'uwar tamu ce. Abin da ba zai saba da shi ba shi ne sanyi. Raɓa kan daskare ta ƙone shuka har tsakiyar Mayu, ta kuma dawo kafin Satumba ta ƙare. Kwanakin da shuka mai tsoron sanyi ke da su ba su wuce 130 zuwa 140 ba. Sai iska: daga arewa maso yamma da hunturu har zuwa Afrilu da Mayu, daga kudu kuma da zafi, busasshiya.

Yankin ya taɓa ganin abin da garma ke yi wa rairayi. A 1904 majalisar Amurka ta zartar da dokar Kinkaid, wadda ta ba duk mai son zama eka 640 a yammacin Nebraska, ninki huɗu na abin da dokar rabon filayen zama ta 1862 ta bayar. Mutane suka kwararo, da yawa suka kafce tuddan suka shuka masara. Ciyawa na tashi iska ta kwashe ƙasar, ta bar ramuka masu faɗi da har yau ake gani. Mafi yawansu suka sayar wa makiyaya suka tafi.

2011: kaftun farko

A Afrilu matar ta zaɓi fili a kudu da gidan, a kan ɗan tudu, mita 15 a mita 20. Ta zaɓe shi ne don yana kusa da famfo kuma tana iya hango shi daga tagar kicin. Mijinta ya bi shi da ƙaramin injin kaftu sau biyu har ƙasar ta yi lilis, kamar yadda ake yi a gidan iyayenta. Ta watsa takin zamani na NPK gaba ɗaya a rana guda, ta ja layuka, ta shuka albasa, karas, latas da dankali. A mako na uku na Mayu ta dasa tumatir da tattasai.

Kafin watan ya fita aka yi iska ta kwana biyu. Rairayi ya cike layukan karas, a wani gefen kuma ya tone irin ya bar shi a fili. Dashen tumatir ya yi fari-fari a gindi, ganyen ƙasa ya yayyage, fiye da rabi ya mutu. Rairayi kan fara motsi ne idan iska a kusa da ƙasa ta kai wajen kilomita 20 a awa, kuma mafi yawan ƙwayoyin suna tsalle-tsalle ne a tsayin da bai wuce santimita 30 ba, daidai inda ɗan tsiro yake. Ta sake sayo dashe daga gari ta maye gurbi.

Ban ruwa kuwa da na'urar feshi take yi, sau ɗaya a mako, ta bar ta awa uku ko huɗu. Haka mahaifiyarta ke yi, kuma haka littattafan lambu da yawa ke cewa: a shayar sosai, a daɗe ba a sake ba. A kwana na uku ganye ya fara yaushi, a na biyar ya kwanta. Zuwa ƙarshen Yuni masara da tumatir suka yi rawaya daga ƙasa, alamar rashin naitirojin, duk da takin da aka zuba a Afrilu. A Agusta tumatir ɗin da ya yi 'ya'ya ya riƙa ruɓewa ta gindi, baƙin tabo a ƙasan kowane ɗa. Dankali da kankana ne kawai suka yi abin kirki. Inda ba shuka, ƙarangiya ta mamaye.

2012: fari

Ta ɗauka rashin taki ne da rashin ruwa, sai ta ƙara duka biyun. Ta ninka takin zamani, ta mayar da feshin ruwa sau uku a mako.

Shekarar 2012 ce mafi zafi kuma mafi fari da Nebraska ta gani tun da aka fara ajiye lissafi a 1895. A Yuli wutar daji ta cinye dubban hekta a kwarin kogin Niobrara, gabas da Valentine. A lambun, iskar kudu ta riƙa kwashe ruwan feshi tun yana sama. Saman ƙasar da ya bushe ƙayau ya daina shan ruwa, sai ya dunƙule ya gangara gefe, abin da ke faruwa da wasu nau'o'in rairayi idan sun bushe matuƙa. Ciyawar tuddai ta ƙone, lambun ya zama shi kaɗai ne kore a wurin, fara ta sauko masa, bareyi kuma suka riƙa zuwa da dare. Kusurwar arewa maso yamma ta filin ta fara rarakewa, ramin ya kai gwiwa kafin Oktoba.

Farin ya bar wani abu da bai bayyana ba sai shekara mai zuwa. Fadamar gandun ba ta ba da ingiricin da zai ishi shanu ba, don haka mijin ya sayo daga nesa, kamar yadda makiyaya da yawa suka yi a wannan hunturun.

2013: gwajin ƙasa, laka da kashin shanu

A Maris ta je ofishin malaman gona na Jami'ar Nebraska da ke gundumar. Aka nuna mata yadda ake ɗibar ƙasa daga wurare da yawa a zurfin santimita 20, a gauraya, a aika ɗakin gwaji. Sakamakon ya nuna ruɓaɓɓen tsiro ƙasa da kashi 1 cikin 100, tsamin ƙasar daidai yake ga kayan lambu, fosfaras ya taru da yawa saboda takin shekara biyu, naitirojin kusan babu, farar wuta ma ta yi ƙaranci. Malamin ya yi mata bayani cewa naitirojin na bin ruwa, rairayi kuma ba shi da lakar da za ta riƙe sinadarai, don haka duk ban ruwa mai nauyi yana tura takin ƙasa da saiwa. Ya ba ta shawarar ta gwada ruwan rijiyar gidan, tunda ruwan ƙasa ba shi da nisa. Dokar Amurka ta ƙayyade naitiret, nau'in naitirojin da ke bin ruwa, a ruwan sha a miligiram 10 na naitirojin cikin lita. Na gidan bai kai haka ba.

Daga nan ta gwada abu biyu.

Na farko laka. Wani maƙwabci ya ce a gauraya ta da rairayin, sai aka kawo a-kori-kura biyu daga wani wuri mai nisa, wajen tan ɗaya da rabi, aka watsa aka kafta. Lissafin bai ba da goyon baya ba. Santimita 20 na sama a fili mai murabba'in mita 300 sun kai tan 90 na ƙasa. Kafin laka ta zama kashi 10 cikin 100 na wannan, sai an kawo wajen tan 10, a kuma farfasa ta ta gauraye sosai. Wadda aka kawo ta zauna curi-curi a cikin rairayin, ta yi tauri idan ta bushe, ta kuma zo da irin ciyayin da ba a san su a gidan ba.

Na biyu kashin shanu, wanda gandun ke da shi tuli. Aka kwaso na wurin da aka ciyar da shanu a hunturun da ya wuce, aka zuba mai kauri a rabin filin a Afrilu. Mako uku bayan dashe, sabon ganyen tumatir ya fara nannaɗewa, ya yi siriri, kan shukar ya murɗe. Wake da dankali ma haka. Masarar da ke gefe kuwa lafiya lau, har ta fi ta bara kyau. Da aka kai hotuna ofishin malaman gona, sai aka tambaye ta daga ina ingiricin da shanun suka ci ya fito. Akwai magungunan kashe ciyayi masu faɗin ganye da ake fesawa a filayen kiwo, irin su fikiloram da aminofiralid. Ba sa cutar da ciyawa ko saniya, amma suna ratsa cikinta su fita a kashi da ƙarfinsu, kuma ɗan kaɗan ya isa ya nakasa tumatir, wake da dankali. Sukan daɗe a tsibin taki shekara ko fiye.

Gwajin da aka koya mata mai sauƙi ne. A cika tukwane shida, uku da ƙasa zalla, uku da ƙasa haɗe da takin, a shuka wake a duka, a jira mako uku. Waken tukwanen taki ya fito a murɗe. Daga wannan shekarar ba ta ƙara zuba wani taki ba sai ta yi masa wannan gwajin.

2014: sauya wuri, da shinge kafin shuka

Surukarta, wadda ta yi shekara arba'in a gandun kafin ta koma gari, ta daɗe tana cewa lambun ba a wurinsa yake ba. Ta nuna mata kufan wani gidan zamanin Kinkaid, tafiyar minti kaɗan daga gidan, a gindin tudu ta gabas, sama da fadama kaɗan. Ginin ya rushe tuntuni, amma itatuwan da mutanen suka dasa suna nan, har da asfaragas, wani tsiron lambu da ake ci, da ke tohowa duk shekara ba mai kula da ita. Da aka haƙa, ƙasar saman ta yi duhu har kusan santimita 25, da ɗan danshi a ƙasa. Rairayi ne har yanzu, amma wanda ya fi na tudu ruɓaɓɓen tsiro.

Ba a sauka cikin fadamar kanta ba, saboda dalili biyu da surukar ta bayar: ruwa kan kwanta a can a shekarar ruwa, kuma sanyin dare yana gangarowa ya taru a kwari, ya ƙone shukar ƙasa ya bar ta sama. Aka tsaya kusan mita biyu sama da bakin fadamar.

Tsohon filin aka shuka masa hatsin rai, ɗan'uwan alkama mai jure sanyi, aka shimfiɗa tsohon ingirici a ramin da ya rarake, aka bar ciyawar daji ta dawo. Ya ɗauki shekara huɗu kafin ya rufe.

A sabon wurin, aikin farko shinge ne. Aka kafa irin shingen katako da ake tare dusar ƙanƙara da shi a bakin hanya, tsayinsa mita 1.2, rabinsa itace rabinsa fili, ta arewa da yamma da kudu. An zaɓi mai ramuka ne da gangan: bango rufaffe yana sa iska ta haura ta faɗo da ƙarfi a bayansa tana juyi, mai ramuka kuwa yana rage mata gudu. Kariyar shinge takan kai wajen ninki goma na tsayinsa, don haka faɗin lambun bai wuce mita 12 ba. A bayan shingen, da tazarar mita 8 don kada saiwa ta yi wa lambu kutse, aka dasa layin itatuwan yankin, fulam na daji da ceri na rairayi, waɗanda aka saya a hukumar kula da albarkatun ƙasa ta yankin. Irin waɗannan dashe da yawa suna fitowa ne daga gandun renon itatuwa na Bessey da ke kusa da Halsey, a cikin tuddan, wanda gwamnatin tarayya ta kafa a 1902. Mijin ya so a sa bishiyar jan sida, domin ba abin da ya fi ta tare iska a nan, amma suka fasa. Tsuntsaye na yaɗa irinta, kuma ta riga ta zama annoba a filayen kiwon Nebraska, tana cinye ciyawa.

Ba a kawo injin kaftu ba. Aka yi fangali takwas, kowanne mita 1.2 a mita 6, da ɗan katako a gefe, ba a ɗaga su sosai ba don ƙasa mai tudu ta fi saurin bushewa. Jimillarsu bai kai murabba'in mita 60 ba, kashi ɗaya cikin biyar na tsohon fili. Hanyoyin da ke tsakani aka bar su da ciyawarsu. Kowane fangali ya sami taki mai kaurin santimita 5 daga wani tsohon tsibi da ya ruɓe tun kafin fari, wanda ya tsallake gwajin wake. A wannan shekarar ba dashen da iska ta kashe. Amfanin dai matsakaici ne, domin har lokacin da tiyo take ban ruwa, da hannu, idan ta sami sarari.

2015 zuwa 2016: lulluɓe, ɗigo, da taki kaɗan-kaɗan

Lissafin ruwa shi ne ya sauya tsarin. A tsakiyar Yuli, rana mai zafi da iska, shuka da ƙasa kan fitar da milimita 6 zuwa 8. Idan santimita 30 na sama suna riƙe milimita 20, kuma shuka na fara wahala da zarar rabi ya tafi, to ajiyar ba ta kai ta kwana biyu ba. Ruwan mako guda da za a zuba lokaci ɗaya ba shi da inda zai zauna.

A 2015 aka ja bututu daga rijiya, aka shimfiɗa tiyo mai ɗigo, layi uku a kowane fangali, ramukan a tazarar santimita 20. An matso da su haka ne domin a rairayi ruwa ba ya yaɗuwa gefe, kai tsaye yake nutsewa. Aka sa agogon famfo mai batir. A Mayu sau ɗaya a kwana biyu, a Yuni kullum, a Yuli da Agusta safe da yamma, minti 20 zuwa 30. Tana tona da yatsa ko ƙaramin cebur ta duba: idan danshi ya kai tsawon hannu zuwa gwiwar hannu, ya isa. Ruɓewar gindin tumatir ta ragu har ta kusa ɓacewa. Ciwon na zuwa ne idan kalsiyam bai isa ɗan tumatir ba, kuma ruwa ne ke kai shi, don haka yau jiƙe gobe bushe yana yanke masa hanya ko da akwai kalsiyam a ƙasa.

Lulluɓen ya zo da darasinsa. A shekarar farko ta shimfiɗa ingirici tun Mayu, tumatir da tattasai suka tsaya cak, domin ƙasar ta ƙi ɗumama. Saurin ɗaukar zafi na ɗaya daga cikin 'yan abubuwan da rairayi ke ba mai lambu kyauta a ƙasar sanyi, lulluɓen wuri kuma ya toshe shi. Wani damin ma ya zo da ƙarangiya. A 2016 ta jira har tsakiyar Yuni, ta kuma yi amfani da ingiricin fadamarsu da aka yanka kafin ya yi iri, kaurin santimita 8 zuwa 10. Kafin lokacin, abin da ke kare ƙasar shi ne hatsin rai da ta shuka a Satumba. Takan yanke na tsakiyar fangali mako biyu ko uku kafin dashe, ta bar layi ɗaya a tsaye ta gefen iska har dashen ya yi ƙarfi. Masu noman kankana a ƙasar rairayi a Amurka sun daɗe da wannan dabarar.

Takin zamani mai fosfaras aka daina. Naitirojin kawai take bayarwa, nau'in da ke ɗauke da farar wuta, ɗan kaɗan duk mako biyu zuwa uku daga Yuni zuwa farkon Agusta. Kashin shanu kuma a kaka ake zuba shi bayan girbi, santimita 3 zuwa 5 a sama, ba a kaftawa. Wannan ya dace da ƙa'idar da ake bi a Amurka ta barin kwana 120 tsakanin ɗanyen taki da girbin abin da ke taɓa ƙasa, kamar karas da latas.

2017 zuwa 2018: abokan gaba na sama da na ƙasa

Da ƙasa ta yi kyau sai gofa ta zo, wata dabba mai kama da ɓera da ke zaune a rami tana cin saiwa. Ta cinye layin karas daga ƙasa, ta huda tiyo. Aka tone fangali huɗu, na karas da dankali da albasa, aka shimfiɗa ragar ƙarfe mai ƙananan idanu a zurfin santimita 45, aka mayar da ƙasa. Saboda bareyi aka ɗaga waya ta kai mita 2.4.

Ga sanyi, ta koma irin tumatir mai nuna cikin kwana 55 zuwa 70 bayan dashe, tana renonsa a ɗaki tun farkon Afrilu. Aka lanƙwasa bututu a kan fangali uku, ana rufe su da farin yadi mai shan iska a daren da aka yi hasashen daskarewa. Yadin na ƙara digiri biyu ko uku kawai, amma a Mayu da Satumba sau da yawa wannan ne bambancin. Irin wannan bakan aka ɗora wa raga a lokacin fara. A Yunin 2018 ƙanƙara ta faɗo ta farfasa kabewa da masara, waɗanda ke ƙarƙashin raga suka tsira da 'yan raunuka.

Gwajin ƙasa na kakar 2018 ya nuna ruɓaɓɓen tsiro ya kusa kashi 2 cikin 100. Fosfaras ya fara hawa, don haka aka rage kaurin kashin shanu.

2019: ruwa daga ƙasa

A Maris 2019 guguwar dusar ƙanƙara da ruwan sama a kan daskararriyar ƙasa suka jawo ambaliya a Nebraska, har madatsar Spencer da ke kogin Niobrara ta ɓalle a ranar 14 ga watan. A cikin tuddan, shekarar ta ci gaba da ruwa, ruwan ƙasa ya taso, fadamu suka zama tafkuna, hanyoyin karkara da dama suka nutse na watanni. Ruwa ya hauro har kusa da shingen lambun. Fangali biyu na ƙasa suka jiƙe sharkaf, dankalin cikinsu ya ruɓe. Sauran shida suka ba da amfani mafi yawa tun da aka fara, a daidai shekarar da zuwa gari ya fi wuya. Gidan ya ci albasa, kabewa da tumatir na kwalba har Maris na gaba. A kaka aka mayar da fangali biyun zuwa gefen sama.

Abin da ya yi aiki, da dalili

A ganina shekara uku na farko sun tafi ne wajen ƙoƙarin mayar da rairayi ya zama ƙasar gabashin Nebraska. Kaftu, taki gaba ɗaya, ruwa mai yawa sau ɗaya a mako, duk dabaru ne masu kyau a ƙasar da ke ajiya. Wannan ba ta ajiya. Abin da aka ba ta yau, ko shuka ta karɓa cikin kwana biyu ko ya wuce, kuma inda yake wucewa shi ne ruwan da gidan ke sha. Wannan kaɗai ya isa a ɗauki maganar taki kaɗan-kaɗan da muhimmanci.

Jerin matakan ma yana da tasiri. Da ta sa tiyon ɗigo a tsohon filin a 2012, da iska ta binne shi. Shinge da sauya wuri ne suka sa sauran suka yiwu, kuma rage girman lambun ne ya sa shinge mai tsayin mita 1.2 ya iya rufe shi, taki mai tsabta ya isa, mutum ɗaya ya iya kula da shi. Mafi arhar gyara a duk labarin shi ne shawarar surukar, wadda ta zo da sanin inda sanyi ke kwana da inda ruwa ke kaiwa, abin da gwajin ƙasa ba ya nunawa. Shekarar 2019 ta nuna cewa ko mita biyun da aka bari sun yi kaɗan a gefen ƙasa.

Laka ta gaza saboda yawanta bai kai ba, kuma yawan da zai kai ya fi ƙarfin gida ɗaya. Kashin shanu bai gaza ba, wanda ba a gwada ba ne ya yi ɓarna. Ƙarin ruɓaɓɓen tsiro daga ƙasa da kashi 1 zuwa kusan 2 ya taimaka wajen riƙe sinadarai, amma ba zan ce ya warware matsalar ruwa ba. A rairayi iska na shiga ƙasa sosai, ruɓaɓɓen abu yana ƙonewa da sauri, idan aka daina zubawa shekara biyu ko uku zai koma baya. Lambun ya dogara ne da agogon famfo da rijiya: idan batir ya mutu a Yuli, kwana biyu sun isa a ga yaushi.

Akwai abin da har yanzu ba a shawo kansa ba. Fara a shekarar fari ta fi ƙarfin raga, tana cin duk abin da ke waje. Masara da kabewa sun fi girman baka, don haka ƙanƙara na iya gamawa da su cikin minti goma. Fosfaras na hawa muddin kashin shanu ne tushen taki, shi ya sa daga kakar 2019 ta fara juya fangali biyu kowace shekara zuwa wake da hatsin rai kawai, ba tare da taki ba, da niyyar sake gwajin ƙasar bayan shekara uku.